Shawara: Ina Kwalejin Ikilisiya Za Ta Samo Kuɗin Bincike?

Wani dattijon ikilisiya da aka sa a hukumar gudanarwa ta wata kwalejin tauhidi ya rubuto yana cewa: "Malamanmu suna koyarwa da ƙwazo, amma babu mai rubuta littafi a cikinsu. Da mun taɓo maganar sai su ce ba kuɗi. Mu kuwa albashi ma da kyar muke biya. Ina za mu dosa?"

 

Baba dattijo, bari in fara da ƙofofin da suke kulle, don kada ku ɓata kuɗin mota zuwa Abuja. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, da harajin da ake cira daga ribar kamfanoni yake aiki, kuma shi ne ke biya wa malaman manyan makarantu kuɗin bincike da halartar taro da ƙaro karatu. Sai dai na makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha. Jami'ar Bingham ta ECWA da ke Karu tana da lasisi tun 2005, duk da haka ba ta cikin rabon, balle kwalejin da gundumomi biyu ko uku suka yi karo-karo suka gina. Rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma haka yake. Masu jami'o'i masu zaman kansu sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, kuma suna da hujja, amma ku kada ku jira a gyara doka kafin ku motsa.

Kafin ku tambayi inda kuɗi yake, ku tambayi abin da za ku saya da shi. A ganina abu na farko shi ne lokacin malami. Ka ɗauki jadawalin malami ɗaya ka duba. Darussa biyar a zango, ga ɗaliban ƙarshen mako, ga na lokacin hutu. Asabar yana wajen jana'iza ko ɗaurin aure, Lahadi yana kan bagadi a majalisar da aka ba shi riƙo. Da dare zai zauna da tarin takardun jarrabawa, wuta ta ɗauke, ya jingina wayarsa a jikin kofin shayi yana maki da haskenta. Kundin digirinsa na can a ɗakin karatu cikin baƙin bango, shekara da shekaru ba wanda ya buɗe. Irin wannan mutum ko ka ba shi miliyan biyu ka ce ya yi bincike, kuɗin makarantar yara zai biya, kuma ni ban ga laifinsa ba. Amma idan ka ɗauke masa darussa biyu na zango ɗaya, ka biya wani fasto mai digiri na biyu ya riƙe masa su, ka rubuta wa gunduma cewa kada a tura shi wa'azi na wata huɗu, to ka sayi abin da ake rubuta littafi da shi. Kuɗin malamin wucin gadi bai kai kuɗin fentin zauren taro ba.

To ina kuɗin zai fito? Daga masu ikilisiyar. Mutanenmu ba marowata ba ne. Da baiko da zakka da godiyar girbi suka gina majami'u masu bene, suka sayi janareta da kayan kiɗa. Abin da ya hana su bayarwa don bincike shi ne ba a taɓa nuna musu shi a matsayin aikin Ubangiji ba. Ku roƙi babbar majalisa ta keɓe Lahadi guda a shekara, a yi baiko na biyu da sunan asusun bincike da rubutu, a tura malamai da ɗalibai su yi bayani da bakinsu. A matsayin misali kawai: majalisu 60, kowace ta kawo naira 25,000, an sami miliyan ɗaya da rabi. Ba zai kai kowa Ingila ba, amma zai sauke wa malamai biyu kaya a shekara. Majalisun karkara su kawo masara ko wake in shi suke da shi, a sa mutum mai amana ya adana ya sayar. Tsofaffin ɗalibai, waɗanda yawancinsu fastoci ne yanzu, a nemi ɗan abu kaɗan daga gare su kowane wata maimakon babban alkawari ranar yaye ɗalibai, wanda kowa ya san rabinsa ba ya shigowa. Kuma ku je wurin Zumuntar Mata da kanku, kada ku aika takarda. A yawancin majalisu babu ƙungiyar da ta kai su iya tara kuɗi da riƙon lissafi, kuma za su tambaye ku ko malamai mata na cikin masu amfana. Ku tafi da amsa.

Wuri mafi wuya shi ne tsare kuɗin. Wata zai zo da albashi zai makale, ko iska ta yaye rufin ɗakin kwanan ɗalibai, ma'aji ya ce a ranto daga asusun bincike za a mayar. Ba a mayarwa. Don haka asusun banki daban, masu sa hannu uku, ɗaya daga cikinsu ba ma'aikacin kwalejin ba. A rubuta a cikin ƙa'ida cewa hukuma ce kaɗai, a cikakken zama, za ta iya taɓa shi don wani abu dabam, kuma mai binciken kuɗi daga waje ya duba shi kowace shekara.

Wani zai kawo shawarar a tara jari a riƙa cin riba kawai, kamar yadda kwalejojin Amurka ke yi, inda suke kashe kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na jarin a shekara. A can tsarin yana tafiya. A nan, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, wato kuɗin da aka ajiye yana narkewa ne ko da riba na shigowa. Ƙaramar kwaleji ta fi ƙarfi da baikon da ake sabuntawa kowace shekara. In an sami rara, a sa a takardun lamuni na gwamnatin tarayya, ko a gina shaguna a bakin titi a ba da haya. Duk wanda ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin wata biyu, ko da ɗan ikilisiya ne mai yawan addu'a, ku tuna masa da MMM da yadda ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016.

Sai abin da za a bincika, wanda a nan ne nake ganin kuna zaune a kan arziki ba ku sani ba. Bincike mai tsada shi ne wanda sai an je manyan ɗakunan karatu na Turai. Akwai kuwa wanda ku kaɗai za ku iya yi, kuma kuɗin mota da na'urar ɗaukar murya kawai yake ci. Mishan ɗin SIM ya iso a 1893, SUM ta sauka a Wase a 1904, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Labarin Turawan mishan yana rubuce. Na masu bisharar ƙasa da suka yi tafiyar ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye, da na matansu, yawancinsa yana bakin tsofaffi ne, kuma kowace shekara muna binne wasu. A ɗakin ajiya na majalisu da yawa akwai littattafan baftisma da na zaman dattawa, a cikin kwali, ƙarƙashin karyayyun kujeru, gara na ci. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar EYN da kwalejin Kulp a Kwarhi a Oktoban 2014, an ga yadda wurin da ake ganin ya kafu zai iya watsewa cikin yini ɗaya. Malami ɗaya da ɗalibai biyu da waya mai kyamara za su iya ɗaukar hoton littattafan gunduma guda cikin hutu, a adana a wuri uku. Daga nan a je Kaduna, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa, a gwada da abin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta. Haka batun zaman Kirista da Musulmi a unguwa ɗaya, da auren gado, da yadda ikilisiya ke ɗaukar nauyin gwauraye da marayun rikici. Fasto yana fuskantar waɗannan kowane mako, kuma littafin da aka rubuta a Landan ba zai ba shi amsa ba.

Wajen zaɓen wanda za a ba, kada shugaban kwaleji ya yi shi kaɗai, don nan da nan za a ce ɗan garinsu ya ba. Kowane malami ya kawo shafi biyu: me zai bincika, cikin wata nawa, nawa zai ci, me zai kawo a ƙarshe. A sa mutum ɗaya daga waje cikin masu dubawa, misali malami daga sashen nazarin addini na Jami'ar Jos. A ba da rabin kuɗi da farko, sauran idan an ga aiki. Kuma Baba, wannan ya shafe ku dattawa kai tsaye: wanda ya ba da kuɗi ba shi zai faɗi abin da za a gano ba. Idan mai tarihi ya tono cewa rabuwar da aka yi a wata majalisa ba kan koyarwa aka yi ta ba, kan fili ne ko ƙabila, a bar shi ya rubuta cikin ladabi da hujja. Kwaleji na da shaidar bangaskiyarta, malamai sun sa hannu a kai, wannan iyakar ta isa.

Bayan kun yi shekara biyu a haka, sai ku dubi waje, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Langham, wadda ta faro daga aikin John Stott a Landan a 1969, tana ɗaukar nauyin masu neman digiri na uku a tauhidi da sharaɗin su koma gida su yi hidima, tana kuma taimaka wa ɗakunan karatu da littattafai. ScholarLeaders ta Amurka tana irin wannan aiki. Cibiyar Nagel ta Jami'ar Calvin a Michigan ta sha raba tallafin bincike ga tawagogin malaman Afirka da kuɗin gidauniyar Templeton. Dukansu za su so ganin rahoton kuɗi da aka bincika, da abin da kwalejin ta zuba da kanta. Amincewar ACTEA, ƙungiyar da ke tantance makarantun tauhidi na Afirka tun 1976, tana ƙara wa takardarku nauyi. JSTOR kuma a 2006 ya fara tsarin yafe wa makarantun Afirka marasa neman riba kuɗin shiga rumbun mujallunsa, mai kula da ɗakin karatunku ya rubuta ya nema.

Tura malami ƙetare da kuɗinku kuwa, ku yi lissafi sau biyu. Dala tana wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Ana yin digiri mai zurfi a makarantun tauhidi na JETS da ke Jos da TCNN ta Bukuru, akwai kuma Cibiyar Akrofi-Christaller da Kwame Bediako ya kafa a Akropong ta ƙasar Gana. Duk inda za a tura shi, a yi yarjejeniya a rubuce kan shekarun da zai dawo ya koyar, ku ma ku rubuta cewa albashin iyalinsa ba zai tsaya ba.

Idan aiki ya kammala, kada a biya wa kowa kuɗin mujallar da ke karɓar rubutu yau ta buga jibi ba tare da wani masani ya duba ba. A kai wa mawallafa irin su ACTS da ke Bukuru. Sannan a sa a cikin sharaɗi cewa kowane bincike zai fito da ɗan littafi na shafi 20 zuwa 30 da Hausa ko harshen yankin, wanda mai bishara a ƙauye zai iya karantawa. A ware kuɗin buga shi tun a kasafin farko, a kai kofe ga kowace majalisa kafin Lahadin baiko ta shekara mai zuwa, tare da takarda ɗaya mai nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe.