Kafin Ka Biya Kuɗin Seramik, Duba Ruwan da Ake Wanke Maka Mota

Masu motoci da dama suna tambayata ko shafin seramik da ake tallatawa a wuraren gyaran jikin mota ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, amma ga wanda ya gyara yadda ake wanke masa mota. Wanda bai gyara ba zai zuba kuɗi, bayan 'yan makonni ya ga fararen ɗigo sun cika bonet, ya ce an damfare shi, alhali laifin na ruwa ne da tsumma.

Fentin mota hawa uku ne: na ƙasa da ke kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, sai na sama marar launi, wanda shi ke ba da sheƙi. Na saman nan, a yawancin motoci, kaurinsa maikiron 40 zuwa 50 ne kacal, da ƙyar ya kai silin gashin kai. Duk lokacin da aka sa inji aka yi folish, ana kankare wani abu daga cikinsa, kuma abin da ya tafi ya tafi. Seramik ruwa ne mai sinadarin silika, wanda da shi ake yin gilashi. Ana shafa shi, ya kama fentin, ya daskare ya zama siririyar fata mai tauri, wadda ba ta wuce maikiron ɗaya ko biyu. Ruwa ba ya kwanciya a kanta, datti ba ya mannewa sosai, kashin tsuntsu da ɗigon bishiya ba sa saurin cin fenti. Kakin goge mota na da, zafin rana kan cinye shi cikin makonni ko 'yan watanni. Seramik mai kyau kan yi shekaru.

Iyakar aikinsa ke nan. Idan mai tallar ya nuna maka "9H" a jikin kwalba ya ce motarka ta fi ƙarfin kwarzane, ka yi murmushi kawai. Wannan ma'aunin taurin fensir ne, ba na dutse ba. Tsakuwar da babbar mota ta watso maka a hanyar Kano zuwa Zariya za ta fasa shi, haka ma gogar Adaidaita Sahu a cikin cunkoso. Mai son kariya daga tsakuwa, ledar kariya ta musamman ake manna wa gaban mota, wannan kuma wani ciniki ne daban.

Abokan gabar fenti a ƙasarmu biyu ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun daga Nuwamba har zuwa Maris. A ido laushi gare ta, amma akwai ɓarɓashin yashi a cikinta da ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Yaron gida ya tashi da sassafe, don neman albarka, ya ɗauki busasshen tsumma ya share motar Alhaji tas. Wannan sharar ce ke barin siraran zane masu kewaye kamar saƙar gizo, waɗanda ake gani idan rana ta haska baƙar mota. Mota mai ƙura ba a taɓa ta sai an kwarara mata ruwa.

Na biyun ya fi wuyar ganewa, don kowa ya ɗauka ruwa mai haske ruwa ne mai tsabta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da narkakken kalshiyam da magniziyam. Duba cikin butar da ake tafasa ruwa a gidanka: idan akwai farin abu da ya daskare a gindinta, ko sabulu na wahalar kumfa, shi ne zai zauna a jikin motarka. Ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya. A nan ne seramik ke ba mutane mamaki. Tunda ba ya barin ruwa ya baje, sai ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ta bushe ta bar zobenta. Idan ƙarfen ya ɗau zafi, zoben yakan ci ya shiga cikin shafin, har wanki ya kasa fitar da shi. Saboda haka motar da aka yi wa seramik ta fi bukatar a tsane ta da wuri.

Ga yadda za ka yi, ko ka tsaya a yi a gabanka. A wanke a inuwa, da safe ko da yamma, lokacin da za ka iya ɗora tafin hannu a bonet ba ka ji zafi ba. A fara da kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa. Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso kafin a mayar da shi cikin kumfar. Sabulun mota za a sa. Garin wankin kaya da na wanke-wanke suna da kaifi, suna cinye kaki, suna kuma rage wa seramik santsi. Soson taya daban, kada ya kusanci ƙofa. Da an gama ɗauraya, a bi da babban tawul na maikirofaiba a tsane, ba a jira iska ta busar ba. Mai injin hura iska ya fi kowa morewa, don yana koro ruwan da ke maƙalewa a madubi da hannun ƙofa.

Idan ruwan unguwarku mai zartsi ne, sirrin yana ɗaurayar ƙarshe. Manyan wuraren wanki suna da matatar da ke cire gishirin gaba ɗaya, ruwanta ko ya bushe da kansa ba ya barin tabo. A gida, tara ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ko ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku, ka tace shi, ka yi zubin ƙarshe da shi. Bokiti ɗaya ya isa. Ɗigon da ya riga ya fito, idan sabo ne, farin ruwan khal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi yakan narkar da shi: a shafa a inuwa, minti ɗaya, a ɗauraye. Wanda ya ƙi fita ya riga ya ci, sai mai folish.

In ka yanke shawarar yin seramik, ka tambayi mai aikin abin da zai yi kafin ya buɗe kwalbar. Dole a wanke, a cire datti mai manne, a yi folish a gyara zanen da ke akwai, a goge maiƙon folish ɗin, sannan a shafa a rufaffen wuri. Duk tabon da aka bari, an rufe shi a ƙarƙashin shafin ke nan. Wanda ya ce zai gama maka cikin awa ɗaya a bakin titi, cikin hazo, ka riƙe kuɗinka. Bayan an shafa, kada ruwa ya taɓa motar na aƙalla kwana guda, sabulu kuma sai bayan mako.