Ciniki Cikin Ɓacin Rai

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne. Duk ranar da na kwana ban yi barci ba, ko raina ya ɓaci, sai in zuba jari a harkar da daga baya nake cizon yatsa. Ko asiri aka yi min?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka zargi kowa, duba ƙwaƙwalwarka. A cikinta akwai wani ɗan sashe, amigdala, mai kaɗa ƙararrawar tsoro da fushi, sai kuma sashen goshi mai taka masa birki. A 2007, Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka suka hana wasu mutane barci na kimanin awa 35, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Amigdalarsu ta zabura fiye da ta waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin 100, alaƙarta da sashen goshi kuma ta yi rauni.

To, haka kake shiga kasuwa da jajayen idanu. Duk cinikin da ya kai ga taɓa uwar kuɗi, ka ce wa dillali sai gobe. Idan rashin barcin ya zame maka jiki, je ka ga likita.