Ɗingishin Saniya: A Duba Kofato Kafin A Ɗauko Allura

Da damina ta kankama, garke ya cika da taɓo da kashin shanu, sai ɗingishi ya yawaita. Saniyar da ke ɗingishi ba ta iya bin 'yan uwanta wurin kiwo, kwanciya ta yi mata yawa, cinta ya ragu, da safe kuma mai tatsa ta ga ƙwarya ta ƙi cika. Makiyaya da yawa sukan jira ranar kasuwa su sayo allurar kashe ƙwayoyin cuta, musamman wadda aka fi sani da LA, su ɗirka mata ba tare da kowa ya ɗaga ƙafar ya duba ba.

Alhali mafi yawan ɗingishi daga kofato yake tasowa, kuma ya fi kama ƙafafun baya. Aikin farko shi ne a ɗaure saniyar da kyau, a ɗaga ƙafar, a wanke ta tas. Sau da yawa abin da za a tarar ƙaya ce, ko tsakuwa da ta maƙale tsakanin kofatai, ko ƙusa, ko kuwa kofaton ne ya yi tsawo ya karkace. A nan sai a cire abin da ya shiga, a datse kofato, a wanke da ruwan gishiri, a ɗaure saniyar a busasshen wuri na 'yan kwanaki. Allura ba ta cire ƙaya, kuɗinta asara ne kawai.

Ruɓewar kofato ita ce ke buƙatar allura. Takan zo farat ɗaya: saman kofato ya kumbura gefe da gefe, fatar da ke tsakanin kofatai ta tsage, wurin yana ɗoyi, jikin saniyar ya ɗauki zafi. To ko a nan, malamin dabbobi ne ya kamata ya zaɓi magani, domin da nauyin saniya ake auna shi. Masu raba kwalba ɗaya ga shanu da yawa don tattali suna ba kowace ƙasa da abin da zai kashe cutar. Haka wanda ya daina magani da zarar ta fara taka ƙafa. Idan an yi kwana 3 babu sauƙi, a koma wurin malamin, wataƙila matsalar daban ce.

Ɓoru kuwa wani abu ne dabam. Shanu da yawa ke kamuwa lokaci guda, baki ya yi ƙuraje, yawu na dalala. Ƙwayar da ke kawo shi ba ta jin irin wannan allura ko kaɗan. Abin yi shi ne ware marasa lafiya, kula da gyambon, da yin rigakafi tun kafin cutar ta shigo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa alluran rigakafin cututtukan dabbobi.

Maganin da aka yi wa saniya yana fita a cikin nononta. Matan da ke sana'ar nono sun san alamarsa: a zuba iri, a kwana, kindirmo ya ƙi kamawa, saboda maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami. Tafasawa ba ta kawar da shi duka. Wanda ke shan irin wannan nono yana haɗiyar magani kaɗan-kaɗan, ta haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da shi, har ran da yaro zai kwanta asibiti magani ya ƙi ci. Bincike ya nuna cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

Shi ya sa ake rubuta a jikin kwalba yawan kwanakin da za a ƙaurace wa nono da nama, wasu magungunan ma ba a yarda a yi wa saniyar da ake tatsa ba. A cikin waɗannan kwanakin a ci gaba da tatsa don kada hantsa ta kumbura, amma a zubar da nonon. Wannan asara tana da ciwo ga mai saniya biyu ko uku, sai dai lafiyar masu sha ce ake karewa, ciki har da 'ya'yan gidan. Duk mai sayen magani ya sa a karanta masa lambar NAFDAC, da ranar da zai lalace, da kwanakin hana nono, kafin ya biya kuɗi.