Yadda Ake Magance Matsalar Gem Da Ya Ƙi Girkuwa Saboda Ragowar Tsohuwar Manhaja

Idan gem ya ƙi girkuwa a kwamfuta, abin da yawancinmu muke yi shi ne mu goge fayil ɗin mu sake saukewa. Kafin ka ƙona datarka a kan gigabait 40 ko 50, tsaya ka karanta saƙon da Windows ta nuna. Sau da dama gem ɗin lafiyarsa ƙalau, ragowar wata manhaja ce ta tare masa hanya.

Me yake jawo matsalar?

Gema-geman Windows da yawa ba sa tashi sai da Microsoft Visual C++ Redistributable, shi ya sa suke zuwa da shi su girka maka. Sigogin 2015, 2017, 2019 da 2022 gida ɗaya suke, sabuwa tana maye gurbin tsohuwa. Idan gem ya zo da sigar 2015 alhali kana da ta 2022, ko kuma an taɓa cire wata sigar ba ta fita duka ba, girkin zai tsaya da lambar 0x80070666 ko 1638. Lambobin biyu abu ɗaya suke nufi: Windows tana ganin akwai wata sigar manhajar a kwamfutar.

Matakan gyara

1. Kwafe fayilolin da gem yake ajiye inda ka tsaya. Galibi suna cikin Documents, Saved Games ko AppData. Idan suka tafi, wahalarka ta watanni ta tafi.

2. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta appwiz.cpl. Nemo Microsoft Visual C++ 2015-2022, ka zaɓi Change sannan Repair. Yi wa x64 da x86 duka, domin gem mai bit 32 yana buƙatar x86 ko da Windows ɗinka mai bit 64 ce.

3. Idan gyaran bai yi ba, cire su biyun, ka sake kunna kwamfutar, ka sauke sababbi daga shafin Microsoft. Kada ka taɓa na 2010, 2012 da 2013. Kowanne zaman kansa yake, kuma wasu manhajojin da su suka dogara.

4. Idan babu sunansa a jerin amma kuskuren yana nan, to ragowar tana cikin rijistar Windows. Sauke Program Install and Uninstall troubleshooter na Microsoft, ka zaɓi Uninstalling, ka nuna masa manhajar ya share bayananta.

5. Idan ka taɓa girka gem ɗin a baya, goge tsohuwar foldarsa a Program Files, sannan ka girka shi da Run as administrator.

Gargaɗi

Kada ka goge foldar C:\ProgramData\Package Cache da sunan shara. A nan fayilolin gyara da cire Visual C++ suke, kuma goge ta na iya jefa ka cikin wannan matsalar. Haka ma goge abubuwa a rijista da hannu: garin neman gira a rasa ido.

Idan har yanzu ya ƙi, rubuta %temp% a akwatin Run, ka buɗe fayil mafi sabo da sunansa ya fara da dd_vcredist, ka nemo kalmar error. Layin zai nuna maka inda girkin ya tsaya.