Kafin a Hau Injin Gashi, Me Ya Ci?

A sashen gashin ciwon daji inda nake aikin jinya, na fi yarda da sikeli a kan bakin majinyaci. Baki yakan daure ya ce "da sauƙi", sikeli kuwa ba ya kara.

Yawancin waɗanda ake turo mana dajin ya riga ya bazu, galibi zuwa ƙashin baya ko ƙugu. Gashin da ake yi musu na rage raɗaɗi ne, warkarwa tana hannun Allah. Kimanin mutum 6 cikin 10 suna samun sauƙi, kuma a ciwon ƙashi zama ɗaya na girei 8 (girei shi ne ma'aunin gashin) yana rage zafi kamar girei 30 da aka raba zama 10. Wanda ya baro ƙauye yana kwana a barandar asibiti ya san darajar wannan rangwame. Sai dai sauƙin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wasu ma zafin yakan tashi a kwanakin farko kafin ya lafa. A nan dangi kan ce gashin bai karɓe shi ba.

A wannan tsakanin ne rama take cin mutum. Mai jin zafi ba ya marmarin abinci, maganin zafi na mofin yana kawo taurin bayan gida da tashin zuciya, shi kansa dajin yana zaizaye tsoka.

Wata rana 'yar wata dattijuwa ta tare ni: "Sista, Inna kwana uku ko loma ba ta kai ba." Na tambaye ta yaushe ake ba ta maganin zafi. Sai ta fara nishi, in ji ta. Bugu da ƙari, wani a unguwa ya hana Inna ƙwai da nama da madara, wai suna ciyar da dajin. Wannan maganar tana ƙona mini rai. Dajin zai ci rabonsa ko ta ci ko ba ta ci ba, daga naman jikinta zai ɗiba.

Muka mayar da maganin bisa agogo kamar yadda likita ya rubuta, tare da na laushin bayan gida, abinci kuma ya biyo bayansa da kamar rabin awa. Aka ajiye malmalar tuwo, aka koma kunun gyaɗa mai madara, fura da nonon da aka tafasa, alala, dafaffen ƙwai, kaɗan-kaɗan sau shida a yini. Ban da ɗura: ramar daji ba yunwa kaɗai ba ce, tilastawa amai take jawowa da ɓacin rai.

Ku riƙa auna nauyin majinyacinku duk mako. Mai kilo 60 da ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata 6, a faɗa wa likita tun kafin ranar gashi.

Inna dai da ta dawo bayan mako 3, ita ta riƙe kofin kununta da hannunta.