Kayan Sallar Yara: Nawa Ya Kamata a Kashe?

Ɗiyana, iyayen yara na Jabo da 'yan'uwanmu na Tambuwal da Kebbe, da zarar azumi ya raba tsakiya tambayarku ɗaya ce: Baba, nawa ya kamata mutum ya kashe wa yara a kayan sallah? Ba zan yanka muku adadi ba, domin aljihun mai shago a bakin titi daban, na mai gona ɗaya daban. Abin da zan ce ku auna da shi shi ne abin da zai rage a gida mako guda bayan an sauko daga idi.

Ku lura da inda sallah ta faɗo a shekarun nan. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2025 ƙarama ta zo a ƙarshen Maris, babba a farkon Yuni. Ga manomi, wannan yana nufin ƙarama ta same shi tsakiyar bazara, rumbu ya fara yin ƙasa, babba kuma ta same shi a bakin shuka, lokacin da iri da taki da kuɗin ƙwadago duk suke jiransa. Da sallah tana zuwa da kaka, da maganata ta yi sauƙi. Amma magidancin da ya fitar da buhun gero a watan Maris don ya yi wa kowane yaro shadda kala uku, sau da yawa shi ne za ka gani a watan Agusta yana awon geron kwano-kwano, da tsada, sabon hatsi bai nuna ba. Yaran da aka yi dominsu su ne za su fara jin tuwo ya ragu.

Kuma zamani ya sauya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane yadi da ake ɗaukowa daga Kantin Kwari na Kano ko kasuwar Sakkwato. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Mai irin wannan albashi da 'ya'ya shida, idan ya ce sai ya yi yadda mahaifinsa ya saba yi, bashi zai ci. Ni kuwa ban yarda da cin bashi don ɗinkin sallah ba, ko kaɗan. Rigar takan koɗe, yaro ya fi ƙarfinta, mai bashi yana nan yana sallama a ƙofar gida.

Kada ku ɗauka ina cewa a hana yara. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ya maƙale a zaure ranar sallah, tsaransa sun wuce yawon barka da sallah shi ba shi da abin sawa, ya san wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. Farin cikin yaro a ranar idi haƙƙinsa ne. Sai dai a bi abin daki-daki. A fara ware zakkar fid-da-kai, sa'i ɗaya kan kowane mutum na gida, da abincin da zai kai iyali gaba, da kuɗin taki idan damina ta kusa. Abin da ya saura shi ne na kayan sallah. A ganina kala ɗaya mai kyau ta wadatar wa kowane yaro, da takalmi idan tsohon ya mutu, da hula ko ɗankwali, 'yan mata a yi musu kitso da lalle. Mai hali ya ƙara, Allah Ya ƙara masa. Wanda ƙarfinsa yadi ne kada ya ji kunyar yadi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne bambanci. A gidan da ke da mata biyu ko uku, yaro ba ya tambayar kuɗin rigarsa, amma idonsa yana kan ta ɗan'uwansa na ɗaya ɗakin, kuma ba ya mantawa har ya yi furfura. Malamai suna karantar da mu labarin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi wa kyauta shi kaɗai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida saboda ba a yi wa sauran 'ya'yan ba. In yadi ne, kowa yadi. Ku kuma iyaye mata, don Allah ku sassauta wa mazajenku. Yawancin kala ta biyu da ta uku ba yaro ne ya nema ba, idon maƙwabta ake gudu. Maƙwabtanmu Kirista ma haka suke fama idan Kirsimeti ta gabato, ga kuɗin makaranta yana jiransu a Janairu.

Wanda yake son sauƙi ya fara tun kaka. Ranar da ka sayar da amfanin gona, ka sayi yadin ka ajiye, ko uwargida ta shiga adashi da wannan niyya. A kai wa tela kafin azumi ya kama, lokacin da bai cika da aiki ba, a ce ya ɗan saki ɗinkin don rigar ta kai babbar sallah. Idan shekarar ta zo da ƙunci, ka zaunar da manyan yaran tun da wuri ka gaya musu abin da za ka iya, da bakinka, kada ka bar wa uwarsu wannan nauyi. Kuma in akwai maraya a gidanku ko a maƙwabta, ka sa awonsa cikin na 'ya'yanka ranar da za a je wurin tela.