Amsoshin Tambayoyinku: Daidaita Saurin Linzami Tsakanin Wasannin Kwamfuta

Ga saƙon Aminu daga Zariya. Yana so ya gina shafin intanet da zai riƙa daidaita wa 'yan wasa saurin linzamin kwamfuta idan sun sauya wasa. Yana tambaya, ta ina zai fara?

To Malam Aminu, mun gode. Ka fara da ma'auni ɗaya: santimita nawa hannu zai ja linzami a kan tebur kafin ɗan wasa ya yi cikakken juyi a cikin wasan? Cikakken juyi, shi ne ma'aunin, domin lambar saurin da kake gani kowane wasa da yadda yake fassara ta. Counter-Strike da Apex Legends lissafinsu ɗaya ne. Valorant kuwa, sai ka raba lambar Counter-Strike da 3 da 'yan kai.

Shafin naka ya nemi abu huɗu: wasan da aka baro, wasan da za a koma, lambar saurin, da DPI na linzamin, wato ma'aunin yadda linzamin ke jin motsi. Wajen yin lissafin, harshen JavaScript kaɗai ya wadatar.

Amma kada ka dogara da lissafi zalla. Ajiye rula kusa da linzami, ka ja, ka ga ko juyin ya cika daidai. Ka kuma sanar da masu amfani cewa faɗin gani ya bambanta tsakanin wasanni, saboda haka ido zai ɗan ga sauyi ko da hannu ya daidaita.